Tagogin da Baba Ya Toshe

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni, don har yanzu ban dawo daidai ba. In kun ga na haɗa gaba da baya, ba da gangan ba ne. Ni ce autar gidanmu, kowa Auta yake ce min, kuma maganar da zan yi muku ta Babana ce, mutumin da tun tasowata ban taɓa ganinsa kwance da rana ba sai kwanan nan.

Gidan burodi ne da shi. Ba wani babba ba: ɗaki ɗaya dogo a ƙarshen layin masu walda, da tanderu mai aiki da gas, da injin kwaɓi, da dogon teburin da ake yanka ƙullu a kai. Ma'aikatansa sammako suke yi, su gasa na safe ƙofa a wangale saboda masu sari da ke shige da fice, kafin rana ta take duk sun watse. Gashin yamma kuwa Baba ne da kansa, shi kaɗai, don ya ce hannun kowa bai yi masa ba. Da wannan ɗakin ya rene mu duka.

Da ciwon kai abin ya fara. Zai dawo da yamma dafe da goshi, ya zube a kujera ko takalmi bai cire ba. Umma ta ce gajiya ce. Sai jiri ya biyo baya. Rannan ina kallonsa ya zo shiga falo, ƙofar da ya yi shekara da shekaru yana bi, ya bugi bango da kafaɗa. Ya yi dariya ya ce bangon ne ya matso. Kowa ya taya shi dariya, ni ban iya ba. Wata rana kuma ya gasa burodi babu gishiri, masu kanti suka dawo masa da shi. Baba fa! Mutumin da ido rufe yake gane ƙullun da yis ya yi wa yawa.

An kai shi wurin mai kemis, ya auna jininsa ya ce lafiya lau, ya haɗo shi da maganin ciwon kai. Abin da ya fi ɗaure min kai, ranar da ba a aiki garau yake wuni, ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya tsokani Umma ta bi shi da ludayi. Da ya koma aiki sai ciwon ya dawo sabo. Na faɗa wa Umma, ta ce, "To ai ita ce gajiyar da nake faɗa miki." Amma tsoro ya riga ya samu wurin zama a cikina. Ina tsaka da wanke-wanke zan ji gabana ya faɗi ba gaira ba dalili. In wayata ta yi ƙara da yamma sai na yi addu'a kafin na duba.

Kafin ku gane yadda aka yi, dole na gabatar muku da Malam Tattali.

Ni na raɗa masa sunan, kuma haka yake a wayata. Wata ƙungiya ce ke tura injiniyoyi irinsa wurin masu ƙananan sana'o'i, teloli, masu wanki da guga, masu ƙanƙara, masu burodi irin Baba, su duba inda wuta da gas da mai ke zirarewa a banza, su nuna yadda za a rage, hayaƙin da ake turnuƙa wa unguwa shi ma ya ragu. Ranar da ya fara zuwa na kai wa Baba abinci ke nan. Dogo ne siriri, da wata riga mai aljihu barkatai, riƙe da 'yar na'ura kamar waya mai nuna zafi da launi. Ya saita ta a jikin tanderun ya kira Baba.

"Baba, duba nan. Duk inda ka ga ja, zafi ne ke guduwa. Gas ɗinka bango yake gasawa, ba burodi ba."

Baba ya karɓi na'urar, ya jujjuya ta, ya saita ta a kaina. "Wannan kuma fa? Ga ta nan ja wur."

"Ita wannan ba a koya mana gyaranta ba," in ji shi yana sosa ƙeya.

Na ja mayafi na fice, kamar ƙasa ta tsage na shige.

Aiki dai ya yi shi. Ya sa aka lulluɓe tanderun da wata auduga mai kauri da ba ta cin wuta, aka canza igiyar bakin murfinsa da ta daɗe da mutuwa, aka goge kawunan wutar har harshenta ya koma shuɗi shar, aka sauya ƙwayayen fitila, injin kwaɓin ma aka ɗaure masa sabon bel. Ba a jima ba tukunyar gas da ke ƙarewa kamar ana shanta ta fara daɗewa. Matar da ke shanya a bayan ginin, wadda kullum take yi wa Baba mitar baƙin hayaƙi, ta dawo tana gaishe shi da fara'a. Baba ya dinga ba da labari duk inda ya zauna, har mai waldan da ke maƙwabtaka da shi ya kira Malam Tattali ya duba masa nasa injinan.

Ya ce saura ziyara ɗaya: zai dawo ya auna iskar ɗakin, ya maƙala wata 'yar ƙararrawa a bango. Kafin ranar ta zo sai ga shi ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ba da rigar aljihun nan ba, da gogaggun kaya da turare. Kun dai gane.

Ba zan ɓoye muku ba, ina sonsa. Mutum ne da in zai tashi daga falonmu sai ya kashe fanka, ya ce kujeru ba sa jin zafi. Na taɓa tura masa dogon saƙo na shagwaɓa, ya amsa da cewa na rage hasken fuskar wayata, batir zai fi daɗewa mu sha hira. Irin soyayyar da Allah ya ba ni ke nan, kuma ban raina ba.

Sai Gwaggo ta shigo maganar. Yayar Baba ce, ita ta goya shi, kuma har gobe kallon ɗan goye take masa duk da furfurarsa. In ta zo gidanmu kujerar da ta fi laushi take zaɓa, ta ajiye jaka a gefe ɗaya, carbi a ɗaya gefen, sannan ta fara shari'a. Ina ɗaki na jiyo ta.

"Kai dai ba ka da labari. A layinku cewa ake yaro ya zo gyaran tanderu an haɗa masa da 'ya. Wai da kai da sana'ar taka yanzu a tafin hannunsa kuke. Gobe in ya aure ta, kai za ka dinga gaishe shi ko shi zai gaishe ka?"

"Haba, Yaya."

"Haba me? Kana gashin burodi aka haife shi. Yanzu shi zai koya maka wuta?"

Na san maganar ta shiga Baba. Washegari ya kira ni, yana ɗaura agogo bai kalle ni ba.

"Auta, ki faɗa wa yaron nan ƙofar gida a buɗe take gare shi. Amma gidan burodi ya gama aikinsa, na gode, Allah ya saka. Kuma ban yarda ki dinga kai masa labarin wurin aikina ba. Mai neman aure daban, ma'aikaci daban."

Na tura masa saƙon kamar yadda aka ce. Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, ina ganin alamar a saman waya. Can ya turo:

"Na ji, ba zan saɓa masa ba. Amma ƙararrawar nan tana but ɗin motata. Ki roƙe shi, ko wani ne ya sa ya maƙala."

Na roƙa. Baba ya ce hancinsa shi ne ƙararrawarsa, in gas na yoyo tun daga bakin titi yake jinsa. A nan maganar ta mutu, kuma bayan nan da 'yan kwanaki ciwon kan ya fara. Gwaggo kuwa ta samu abin faɗa: tun da yaron nan ya sako ƙafa gidan nan ɗan'uwanta bai ƙara lafiya ba.

To, mu zo ranar da abin ya faru.

Malam Tattali zai zo da yamma. Tun hantsi Gwaggo ta iso, ta ce yau sai ta ji daga bakinsa ranar da zai turo manyansa, in kuma bai shirya ba ya ba wasu wuri. Ni kuwa na ci ado da sabuwar doguwar rigata ruwan zuma, mai ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu, na ɗaura ɗankwali ya zauna das, na ɗora farin mayafi. Ina gaban madubi ina gyara kwalli Umma ta leƙo.

"Tun da kin gama yi wa madubi kwalliya, ungo, kai wa Babanku. Ki tsaya ki ga ya ci."

Na tarar da ƙofar gidan burodin a rufe, abin da ban saba gani ba. Na yi ta bugu kafin na ji jan sakata. Da ya buɗe wani zafi mai nauyi ya daki fuskata. Idanunsa sun yi ja, yana lumshe su kamar wanda aka tasa daga barci, amma da ya gan ni ya washe baki.

"Iye! Wannan ado duk na mai kashe fanka ne?"

"Kai, Baba."

"Shigo, rufe, rufe da sauri, kar ya fita."

"Wa?"

"Zafi mana."

Ya mayar da ƙofar, ya sa ƙafa ya tura wasu tsummokan buhu ya toshe ƙasanta. Sannan ya kama hannuna kamar yaron da zai nuna sabon abin wasa.

"Ɗaga kanki."

Na ɗaga. Can sama kusa da rufi akwai wasu ƙananan tagogi a jere, tun ina yarinya nake ganin haske na shigowa ta cikinsu, garin fulawa na rawa a ciki. Yanzu babu su. An bi su ɗaya bayan ɗaya an rufe da falanki, an buga ƙusoshi, har an shafa fenti.

"Yaron nan ya ce zafi na guduwa, ko ba haka ya ce ba? To shi jikin tanderu kawai ya gani. Ni na ga tagogi, na ga ƙasan ƙofa, na hau sama da kaina na rage wa bututun hayaƙi baki da guntun kwano. Yanzu ta ina zai bi?" Ya buga ƙirji. "Kuma ba da na'ura ba."

Wallahi tausayinsa ne ya kama ni. Na gane ba zafi yake tarewa ba, so yake ya nuna wa Gwaggo da mutanen layi cewa har yanzu shi ne mai wurin. Na ce, "Baba, ai ka fi injiniyan." Ya ji daɗi har yana gyara hula.

Ya ci loma kaɗan ya ture, ya ce zuciyarsa na tashi. Ni ma na ji kaina ya yi nauyi, na ɗauka ɗankwalin ne na matse da yawa. Yana wanke hannu na lura hasken da ke fitowa ta gilashin tanderun ya sa duwatsun rigata ƙyalli, sai na juya na ɗauki hoton kaina. 'Yan mata, kun san halinmu.

"Je ki," in ji Baba. "Na zuba na yamma, bari na ɗan kishingiɗa a kan buhunan nan kafin ya yi. Zan sa sakata, masu waldan nan sun dame ni da roƙon ɓawon burodi."

Ina fita iska ta buge ni, na ji kan ya fara sakina. Ban kawo komai a raina ba.

A gida na tarar Gwaggo ta baje a kujerarta tana jera wa Umma tambayoyin da za ta yi wa baƙo. Na shige ɗaki, na kwanta rigingine a hankali don kar rigar ta yamutse, na tura wa Malam Tattali hoton.

"Ya ka ga rigar?"

Ya buɗe nan take. Na jira yabo. Har na fara haɗa fushin da zan yi masa.

"A ina kika ɗauki hoton nan?"

Sai a lokacin na tuna da dokar Baba. Na rubuta, "Ka bar wurin, rigar na ce ka duba."

"Auta, tagogin sama. Me aka yi musu?"

"Baba ne ya rufe, wai zafi na fita. Kar ka ce na faɗa maka."

"Wutar da ke bayanki rawaya ce ko hoton ne?"

Na buɗe hoton na ja shi da yatsu. Harshen wutar da ya bari shuɗi ya koma rawaya, kuma a bangon da ke saman tanderun akwai wani baƙin tabo da ban lura da shi ba. Kafin na amsa kiransa ya shigo. Tun da muke ban taɓa jin muryarsa haka ba, babu sallama, babu wasa, ina jin ƙarar makullai da buɗe mota.

"Bututun hayaƙin fa? Ya taɓa shi?"

"Ya ce ya rage masa baki."

"Innalillahi. Ciwon kan da kika ce yana yi, in bai je aiki ba yana sauƙi?"

Ban taɓa faɗa masa wannan ba.

"Ya aka yi ka sani?"

"Ina Baba yanzu?"

"Yana can. Ya ce zai ɗan kwanta."

"Saurare ni da kyau. Wuta in ba ta samun iska, wata iska mai guba take fitarwa. Ba ta da wari, ba ta da launi, hanci ba ya jinta. Barci take sa mutum, kuma ba a tashi. Ki ruga yanzu. Kar ki kashe wayar."

Ban san lokacin da na diro daga gado ba. Takalmin da na samu a bakin ƙofa na zura, ashe ƙafa ɗaya nawa ne ɗaya na Umma. Gwaggo ta miƙa hannu ta tare hanya.

"Ke, ina za ki baƙo na hanya?"

"Baba! Gwaggo, Baba zai mutu!"

"Bakinki ya sari..."

Ban tsaya jin ƙarshen ba, na bi ta ƙarƙashin hannunta. Na jiyo Umma na salati tana kiran sunana.

Jama'a, ban san unguwarmu na da tsawo haka ba. Na tattare rigar har gwiwa, mayafin ya faɗi ban waiwaya ba. Mutane na kallona, wani mai kanti ya ɗaga murya yana tambayar lafiya. Wayar na kunnena, ina jin hon ɗin motarsa da muryarsa a tare.

"In kin isa kar ki fara da ƙofa. Tukunyar gas tana waje a cikin kejin ƙarfe, ko? Ki murɗa kanta dama har ya tsaya."

"To."

"Ki nemi maza su ɓalle ƙofar. Kar wanda ya kawo wuta kusa. In ta buɗe kar ki faɗa ciki, ki bari iska ta shiga tukuna."

"To."

"Auta, kin ji abin da na ce na ƙarshe?"

Na ji, amma hankalina ba ya wurin. A zuciyata abu ɗaya nake maimaitawa: ya Allah kar ka ɗauke shi yana kwance a kan buhun fulawa shi kaɗai, ya Allah kar ya zama ni ce ta ƙarshe da ta gan shi kuma hoto na tsaya ɗauka.

Na isa na faɗa kan kejin, na murɗa kan tukunyar da hannu biyu har fatar tafina ta ɗaye. Sannan na koma ƙofa ina duka da hannu da ƙafa.

"Baba! Baba, buɗe! Ni ce!"

Babu motsi. Ƙamshin burodi ne kawai ke fitowa, ya fara ƙonewa. Na kira lambar Baba a ɗaya layin, na kara kunne a jikin ƙofa, na ji wayarsa na ta kuka a ciki ba mai ɗauka. Wannan ƙarar ba zan manta da ita ba har na mutu.

Mai walda ya fito da gilashinsa a goshi. "Ke 'yar mai burodi, lafiya?"

"Kawu, ka taimake ni, Baba na ciki, iska ce, guba ce, ka ɓalle!"

Bai tambayi komai ba, Allah ya saka masa. Ya juya zai jawo injin yankan ƙarfe, na ƙwala ihu na ce ban da wuta. Ya jefar, ya ɗauko wani dogon ƙarfe ya cusa tsakanin ƙofar da bango. Maƙwabtansa suka taru suka danna tare. Sakatar Baba ce, shi da kansa ya sa aka yi masa ita mai ƙarfi saboda ɓarayi, kuma wanda ya ƙera ta shi ne yanzu yake zufa a kanta. Ta yi ƙara, ta lanƙwashe, ta ƙi. Suka sake dannawa. Sai ji muka yi ƙau, ƙofar ta wangale, zafi da hayaƙin ƙonannen burodi suka yo waje.

Na hango Baba. Yana kan buhunan, a gefe ɗaya, hularsa ta faɗi ƙasa, hannunsa ɗaya na lilo. Kwanon abincin da na kawo yana nan inda ya ture shi.

An ce na jira iska ta shiga. Ku gaya min, wace 'ya ce za ta jira? Na ja numfashi na riƙe na faɗa ciki, mai walda na bayana yana zagina yana bina. Na kama ƙafafu, ya kama kafaɗu. Ban san Baba na da nauyi haka ba, kuma jikinsa ya saki gaba ɗaya, kansa na reto. Numfashina ya ƙare a tsakiyar ɗakin, na shaƙa, na ji ƙasa na juyawa. Wasu hannuwa suka karɓe shi, wasu suka fizgo ni. Muka zube a bakin titi.

"Ku matsa! Ku ba shi iska!"

Muryar Malam Tattali ce. Ya bar motar a tsakiyar layi ƙofa a buɗe. Ya durƙusa, ya ɓalle maɓallan rigar Baba, ya kara kunci a hancinsa, ya sa yatsu a wuyansa. Na kafe shi da ido ina neman amsa a fuskarsa, na kasa tambaya.

"Yana numfashi," ya ce. "Kaɗan-kaɗan, amma yana yi."

Wani daga cikin masu waldan ya nufi ɗakin wai zai ceto burodin. Malam Tattali ya daka masa tsawa, ya ruga but ɗin motarsa ya ɗauko 'yar farar ƙararrawar nan, ya zare mata takardar batir ya ajiye ta a bakin ƙofa. Ba a jima ba ta fara tsala ihu. Duk wanda ke kusa ya ja da baya. Ƙofa a wangale, gas a rufe, amma har lokacin ihu take. Na kalle ta, 'yar abar da ba ta fi tafin hannuna ba, na fashe da kukan da tun ɗazu ya ƙi fita.

A haka Umma da Gwaggo suka iso. Umma ta zube kusa da Baba tana kiransa da sunan da ban taɓa jin ta faɗa a gabanmu ba. Gwaggo kuwa kai tsaye ta shaƙi wuyan rigar Malam Tattali.

"Kai ne! Kai ka lulluɓe masa tanderu, kai ka kawo mana wannan masifa! Ka kashe min ɗan'uwa!"

Na buɗe baki zan ce ba shi ba ne, zan ce falankin, zan ce wa ya hana shi dawowa. Ya girgiza min kai.

"Gwaggo, ki zage ni a hanya. Shiga mota. Asibiti za mu, iskar oksijin yake buƙata yanzu-yanzu."

Ban taɓa ganin an ba Gwaggo umarni ta bi ba sai ranar. Ta shiga gaba tana kuka. Aka kwantar da Baba a baya, kansa a cinyata, ƙafafunsa a jikin Umma. Aka sauke gilasai duka. Motar ta fizga.

"Ki dinga yi masa magana," in ji Malam Tattali, idonsa a titi. "Kar ki bari ya yi nisa."

Me zan ce? Na ɗora hannu a ƙirjinsa ina jin yadda yake ɗagawa da ƙyar, ina tsoron kowane sauka shi ne na ƙarshe. Fulawa ta yi fari a gemunsa, na dinga share ta da bakin hannun rigata, duwatsun na kama gashin. Na ce masa burodin bai ƙone ba. Na ce masa na rufe gas. Na ce masa in ya tashi ba zan ƙara yi masa gardama ba, ko me ya ce. Umma na ta addu'a a hankali, tana murza tafin ƙafarsa.

"Malam," na ce, "zai tashi?"

"In sha Allahu."

"In ya tashi shi ke nan, ko? Ya warke?"

Na ga idanunsa a madubi, ya kalle ni ya kawar. Na so ban tambaya ba.

Muna hawa babban titi Baba ya yi tari. Jikinsa ya motsa, yatsunsa suka kama rigata. Umma ta ce, "Alhamdulillahi!" Gwaggo ta juyo gaba ɗaya a kujera tana kiran, "Ɗan'uwana! Ɗan'uwana!" A hankali ya buɗe ido.

"Baba! Baba, sannu. Ka ganni? Muna tare da kai."

Ya kalle ni. Ya daɗe yana kallona, fuskata, ɗankwalina da ya zame, hannuna da ke kan ƙirjinsa. Na jira ya yi min faɗan fitowa ba mayafi. Sai na ga kunya ta kama shi, ya fara ƙoƙarin ɗaga kansa daga cinyata, yana janye jikinsa a hankali.

"Yi haƙuri, baiwar Allah," ya ce da wata siririyar murya. "Ko kin san inda iyalina suke?"